Yadda Na Koma Koyon Karatu Bayan Na Gama Digiri

Wata ranar Asabar cikin Oktoban 2018, a wani ɗaki mai sanyin na'ura a Abuja, na amsa tambaya ta ƙarshe a jarrabawar GRE, wadda jami'o'in Amurka kan nema daga mai son yin digiri na biyu, sai maki ya fito a fuskar kwamfuta. Lissafi 160. Turanci 140. Na daɗe ina kallon lambar nan ta biyu. Wanda bai san jarrabawar ba zai ce ai 140 ba laifi, to amma ma'aunin daga 130 yake farawa, ya tuƙe a 170. Taki goma kacal ke nan na ɗaga daga ƙasa, bayan wata biyar ina hana idona barci. Na karɓi wayata da jakata a inda aka sa muka ajiye su, na nufi tashar jirgin ƙasa ta Idu. Har muka sauka Rigasa ban ce wa kowa uffan ba.

Kuɗin jarrabawar a lokacin ya haura dala 200, dala kuma tana wajen naira 360 a hannun 'yan canji, wato sama da naira dubu 70. Albashina a makarantar kuɗin da nake koyarwa bai kai rabin haka ba. Baba ne ya buɗe rumbu, ya fitar da masarar bara da yake tattali, aka kai kasuwar Funtuwa aka cika mini. Abin da ya fi ci mini rai a jirgin ke nan, ba makin kansa ba.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Funtuwa a Jihar Katsina. Allo na fara riƙewa kafin fensir, kuma ban bar makarantar allo ba sai da na sauke. Na yi firamare da sakandare na gwamnati, na ci Turanci a WAEC, na shiga jami'a a nan Arewa na yi shekara biyar ina karanta aikin gona, na ƙware a kimiyyar ƙasa. Duk da Turanci aka koyar da ni, da shi na rubuta kowace jarrabawa, da shi na rubuta kundin kammala digiri. Saboda haka ko a mafarki ban taɓa zaton Turanci ne zai tare mini hanya ba. Amma in zan faɗi tsakanina da Allah, a shekara biyar ɗin nan ban taɓa ɗaukar littafin Turanci na karanta shi daga bango zuwa bango ba. Takardun darasi nake haddacewa, ranar jarrabawa in mayar wa malami kayansa. Ɗakin karatu yana nan cike da littattafai, ni ne ban shiga ba sai don neman wurin zama mai shiru.

Abin da ya sa na ɗaga ido zuwa Amurka kuwa gonarmu ce. Tun ina yaro nake ganin wuta-wuta tana cin dawar Baba, kowace shekara ana ƙara takin zamani amma amfanin yana ja da baya. Baba yakan ce ƙasa ta gaji. Ina son in san me gajiyar ƙasa take nufi a awo da lissafi, da kuma yadda ake farfaɗo da ita. Wani malaminmu ya shaida mini cewa jami'o'in can sukan ɗauki ɗalibin digiri na biyu ya riƙa taya farfesa bincike, a yafe masa kuɗin makaranta, a kuma ba shi ɗan albashin da zai riƙe kansa. Abin da suke nema shi ne takardar sakamakon jami'a, wasiƙun shaida daga malamai uku, bayanin da mutum zai rubuta kan manufarsa, sai GRE, da kuma TOEFL ko IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, in jami'ar ba ta ɗauke wa 'yan Najeriya ba.

Da na tambayi waɗanda suka riga ni, kowa magana ɗaya yake yi: kalmomi, kalmomi. Sai na sauko da wani jerin kalmomi dubu uku daga intanet, na ce ai wannan gidana aka zo. Wanda ya wanke allo tun yana ɗan shekara biyar hadda ba ta ba shi tsoro. Kullum talatin, in rubuta, in maimaita, in rufe takarda in kawo da ka. Kafin wata biyar, ko cikin dare ka tashe ni ka ce "obsequious" zan ba ka ma'anarta.

Ranar jarrabawa ce ta nuna mini iyakata. A tsarin wancan lokacin, ɓangaren Turanci kashi biyu ne, kowanne tambaya 20 cikin minti 30, kuma ƙoƙarinka a kashin farko shi ke yanke nauyin na biyu. Akwai inda za a ba ka jimla ko ɗan sakin layi da gurbi ɗaya, biyu ko uku ka cike, in ka kuskure gurbi ɗaya duk tambayar ta tafi. Akwai inda za a jera maka kalmomi shida ka zaɓi biyu da za su ba jimlar ma'ana iri ɗaya. Sauran kuma, kusan rabi, karatu ne zalla: rubutu kan tarihi, ko ilimin taurari, ko sharhin adabi, sannan tambayoyi. Abin mamaki, yawancin kalmomin da ke cikin zaɓin na san su. Jimlar da zan saka su a ciki ce ban gane inda ta dosa ba. Sai in karanta sakin layi sau uku, in kai ƙarshe na manta farko, agogo kuwa yana ta gudu a saman fuskar kwamfuta.

Da na dawo gida na sami Baba a zaure bayan sallar isha'i. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya faru, ban ɓoye komai ba. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To kai da wa ka yi karatun?" Na ce ni kaɗai, hadda na yi. Ya ce, "Ai shi ke nan. Hadda daban, ilimi daban. Ka taɓa ganin wanda ya zama malamin fiƙihu bai zauna gaban malami an warware masa littafi layi-layi ba? Gobe ka je wurin Malam na bayan masallaci, ka ce ni na turo ka." Maganar masara kuwa bai tayar ba, har yau.

Wannan dattijo tsohon malamin Turanci ne, ya fito daga kwalejin horon malamai ta zamanin da, ya koyar shekaru masu yawa kafin ya yi ritaya. Baba Malam muke ce masa. Na same shi kan buzu a ƙofar gida, rediyonsa a gefe. Bai tambaye ni kalma nawa na sani ba. Ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar mujalla da bangonta ya yage, ya buɗe wani sharhi kan manyan madatsun ruwa, ya miƙo mini da fensir. Ya ce, "Ɗana, karanta wannan shafi, duk kalmar da ba ka sani ba ka ja mata layi." Na karanta, bakwai kawai na ja wa layi, raina ya ɗan yi sanyi. Sai ya karɓe mujallar ya kife ta a cinyarsa ya ce, "Yanzu faɗa mini da Hausa, mutumin nan me yake cewa?"

Na ce yana cewa manyan madatsu su ne maganin yunwa a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Baba Malam ya gyara tabarau, ya buɗe shafin, ya zagaye wata 'yar kalma mai harafi uku a farkon sakin layi na biyu: "yet". Ya ce, "Duk abin da ke sama da wannan, ba maganarsa ba ce. Maganar mutanen da ya zo ya ƙaryata ce, ya shimfiɗa ta ne don ya naɗe. Daga nan tasa ta fara." Na sake karantawa, wallahi haka ne. Akasin abin da marubucin yake nufi na ɗauka, alhali kusan kowace kalma ta shafin na san ta. Ya ci gaba da zagaye wasu: "although", "hardly", "far from", "unless", "rather". Ya ce, "Manyan kalmomin da ka haddace baƙi ne, yau ka gan su, sai wata shekara. Waɗannan ƙananan su ne 'yan gari, kuma da ɗan gari akan ci gari."

A wannan yammacin na fahimci ciwona. Idona ya saba tsallake waɗannan kalmomi kamar yadda mai tafiya ke tsallake tsakuwa, don a takardun darasi ba su da wani aiki. Takardar darasi ba ta jayayya da kowa, jero maka bayani take yi ka ɗauka. Rubutun masana kuwa muhawara ce daga farko har ƙarshe: wane ya ce kaza, amma ga abin da ya manta, duk da haka yana da gaskiya ta wannan fuska, sai dai hujjarsa ba ta kai inda ya kai ta ba. Mu ma ai haka muke magana. Bahaushe in ya ce maka "gaskiya yaron yana da ƙoƙari, sai dai...", ka san duk abin da ya gabata share fage ne, maganar tana bayan "sai dai". Kunnena ya san wannan sarai a Hausa, idona ne bai taɓa koyonsa a Turanci ba.

Muka tsara aiki. Kullum bayan sallar asuba, kafin in tafi makaranta, in karanta sharhi ɗaya mai tsawo, karon farko ba tare da na taɓa ƙamus ba. In na gama in rubuta amsar tambaya uku a littafina, da Hausa: me marubucin yake da'awa, wace hujja ya kawo, da wa yake jayayya. Baba Malam ya dage sai da Hausa, ya ce da Turanci mutum yana iya kwafo jimlar marubuci ya ɓuya a bayanta, amma abin da ba ka gane ba ba ya fassaruwa. Alhamis da Lahadi tsakanin la'asar da magariba in kai masa ya duba. Ya kuma hana ni tsayawa kan aikin gona. Nakan sauke sharhuna daga The Economist da Scientific American da makamantansu in na sami data, shi kuma ya zaɓo mini wanda na fi ƙi. Na sha wahalar rubutu kan zane-zanen Turawan da da kiɗansu, abubuwan da ban taɓa gani ko ji ba. Na yi ƙorafi, ya ce jarrabawar ba ta tambayar abin da ka sani, abin da ke kan shafin take tambaya, gara ma ka saba da baƙon fage.

Abu na biyu da ya buɗe mini ido shi ne kalmomin taka-tsantsan. Masani ba kasafai yake cewa abu kaza ya tabbata ba. Zai ce "suggests", wato da alama. Zai ce "may", mai yiwuwa. Zai ce "tends to", galibi. Masu shirya jarrabawa kuwa a nan suke ɗana tarko: marubuci ya ce galibi, su kawo maka zaɓin da ya ce kullum, ga shi da kalmomin da ka gani a rubutun, sai hannunka ya tafi kansa. Na koma kan tambayoyin gwaji da na faɗi a baya, na tarar da yawa a wannan rami na zurma.

Sai kuma kalmomin da na ɗauka na sani, ashe fuska biyu gare su. Ni "qualify" a wurin ƙwallo na san ta, a ce ƙungiya ta haye zagaye na gaba. A rubutun masana kuwa takan zo da ma'anar rage wa magana ƙarfi, a sa mata iyaka. "Sanction" tana nufin takunkumi, tana kuma nufin amincewa, jimla ce kawai za ta raba maka. "Arrest" ba kamun 'yan sanda kaɗai ba ne, har da dakatar da abu. Guda ɗaya ce na riga Baba Malam: "plastic". Ya zaci roba zan ce, na ce a'a, abin da ke lanƙwasuwa ya karɓi siffa, don a ɗakin gwaji mun sha murza jiƙaƙƙiyar laka a tafin hannu muna auna wannan hali nata. Ya yi murmushi ya ce, "Ka gani? Wadda ka taɓa da hannunka ba ta gudu ba."

Wannan magana ce ta canza yadda nake riƙe kalmomi. Ban daina hadda ba, kuma ba na goyon bayan masu cewa hadda aikin banza ce. Abin da na daina shi ne haddace kalma tsirara. Na riƙa yanka kwalayen sukari ƙanana-ƙanana, gaba in rubuta kalmar, baya in rubuta jimlar da na tsince ta a ciki, sannan in nemo mata fuska a cikin mutanen da na sani ko a maganarmu ta yau da kullum. "Equivocal" ta zama magana mai harshen damo. "Obsequious" ta zama bafaden da ke rusunawa tun kafin mai gida ya buɗe baki. "Parsimonious" ta zama mai maƙon da ko gishiri sai ya ƙirga. "Ephemeral" ta zama raɓar safiya. Bitar katunan kuma na ɗora ta kan tsarin tilawa: na jiya, na shekaranjiya, na makon jiya, na watan jiya, kamar yadda alaramma ba ya ƙara maka sai ka kawo na baya. Daga baya na mayar da su cikin manhajar Anki a waya, na ga ita ma a kan wannan ƙa'ida aka gina ta. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna saurin mantuwar ɗan Adam tun 1885, amma tsangayoyinmu sun daɗe da sanin maganinta.

Ɗan Larabcin da na yi a Islamiyya shi ma ya yi mini rana. Wanda ya san yadda kitab da katib da maktaba suka fito daga tushe ɗaya, ko yadda muke cewa rubuta, rubutu, marubuci, ba zai sha wahalar gane cewa manyan kalmomin Turanci ma dangi-dangi ne ba. Mafi yawansu daga Latin da Girkanci suka zo, da yawa ta hanyar Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Ka san "equi" daidaito ne, "voc" murya ce, "bene" alheri, "mal" sharri, "cred" yarda, sai ka ga ƙofofi suna buɗewa. Tushe yakan yaudari mutum wani lokaci, don haka hasashe kawai nake yi da shi, jimla ta tabbatar. Na kuma ci karo da jerin da wata malama a New Zealand, Averil Coxhead, ta fitar a 2000, dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a rubuce-rubucen jami'a kowane fanni. Da ma da shi na fara tun farko. Abokin aikinta Paul Nation ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu cikin sauƙi ba da taimako ba, sai ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmominsa, wato baƙuwa ɗaya cikin hamsin, kuma hakan yana buƙatar dangin kalmomi dubu 8 zuwa 9. Wannan adadi ba ya taruwa a wata uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba zan ce tafiyar ta zo da sauƙi ba. Akwai darare da fitilar caji ta mutu ina tsakiyar shafi. Azumin 2019 ya same ni cikin zafin Mayu, ina koyarwa da rana, ina karatu bayan sahur, har na yi mako biyu ban je wurin Baba Malam ba saboda karaya. Abokaina sun fara aure, ana tambayar Inna wai har yanzu ɗanta karatu yake yi. Baba Malam ya aiko jikansa ya kira ni. Da na zo bai yi faɗa ba, ya miƙo mujalla kawai ya ce, "Ina muka tsaya?"

Wajen wata na bakwai wani abu ya faru da ba zan manta ba. Ina karanta wani sharhi kan dalilin rushewar wata tsohuwar daula, sai na ji kaina ina cewa a fili, "A'a, wannan hujjar ba ta isa ba, fari kaɗai ba zai yi haka ba." Na ajiye wayar na yi shiru. Karo na farko ke nan a rayuwata da na yi gardama da rubutun Turanci. Da can in na ga abu a buge da Turanci, karɓa kawai nake yi.

A Satumban 2019 na koma Abuja da kuɗin da na tara da kaina. Turanci 155, lissafi 161. Bayan kwanaki sakamakon ɓangaren rubuta maƙala ya fito, 4 cikin 6. Na zauna TOEFL bayan wata ɗaya, ɓangaren karatunta ya zo mini kamar hutu. Bayanin manufata ma sai da na sake shi gaba ɗaya, na cire manyan kalmomin da na cusa don burgewa, na fara da wuta-wutar gonar Baba. A Maris na 2020 wata jami'ar gwamnati a tsakiyar Amurka, yankin masara da waken suya, ta ɗauke ni da tallafi. Sai korona ta rufe duniya, ban tafi ba sai 2021.

Yanzu ƙannena sukan rubuto mini suna murna cewa abin ya yi sauƙi. Gaskiya ne, tun Satumban 2023 an taƙaita GRE ta koma ƙasa da awa biyu, tambayoyin Turanci sun zama 27, maƙalar da ake rubutawa ta koma guda ɗaya maimakon biyu, kuma tun lokacin korona sassan jami'o'i da yawa sun daina neman jarrabawar. Masu nufin Ingila kuma IELTS ce a gabansu, ɓangaren karatunta tambaya 40 ne kan rubutu uku cikin awa ɗaya, galibi ana neman maki 6.5 a jarrabawar. Amma ina gaya musu abin da na tarar a zangona na farko: kowane darasi maƙala biyu ko uku a mako, a zauna a zagaye tebur, farfesa ya dube ka ya ce me ka gani ba daidai ba a binciken nan. Ba wanda ya taɓa tambaya ta ma'anar "obsequious". Tambayoyi ukun nan na Baba Malam su ake yi mini kullum, da wani harshe.

Da na zo gida hutu bayan na kare kundina, na tarar yanar ido ta rufe masa gani, ba ya iya karatu. Na zauna a gefen buzunsa na ce, "Baba Malam, na kawo maka abin da na rubuta." Ya ce in karanto. Na fara daga gabatarwa, yana jingine da bango, ido a lumshe. Ina isowa farkon sakin layi na uku na ce "however", sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, ɗana. Da wa kake jayayya?"

Na faɗa masa, da Hausa. Ya gyaɗa kai ya ce in ci gaba.